MetaTrader a Kwamfuta da a Waya: Inda Take da Ƙarfi, da Inda Take Barin Mutum a Rana

Kusan duk hoton riba da ake yawo da shi a rukunonin Telegram da WhatsApp na 'yan foreks, masu cinikin kuɗaɗen ƙasashe da zinariya ta intanet, irin wanda za ka ga lambobi shuɗɗa jere daga sama har ƙasa, daga manhaja guda aka ɗauko shi, wato MetaTrader. Kamfanin MetaQuotes ne ya ƙera ta. 'Yan Rasha ne suka kafa shi a shekarar 2000, amma hedikwatarsa tana birnin Limassol na tsibirin Sayifurus. Ya fitar da MetaTrader 4 a 2005, ya biyo da MetaTrader 5 a 2010, su ne ake kira MT4 da MT5 a taƙaice. Manhajoji kan tsufa cikin shekara biyu ko uku, don haka a ce wadda aka yi tun 2005 har yau ana juya kuɗi da ita kullum, ka san akwai abin da ta iya. Sai dai akwai wuraren da take yasar da mai ita, kuma yawancinsu ba a fuskarta ake ganinsu ba.

Hannu uku ne a cikin harkar, kuma cakuɗa su shi ne tushen ruɗanin da sababbin shiga ke faɗawa. MetaQuotes ya rubuta manhajar ya ba dillalai haya. Dillali, wanda 'yan harkar ke kira buroka, shi ke riƙe da saba, wato babbar kwamfutar da asusunka yake ciki. Kai kuma abin da ke hannunka, ko a laftof ko a waya, kafar shiga wannan sabar ce kawai. Kuɗinka ba ya wurin MetaQuotes. Farashin da kake gani yana hawa yana sauka ba MetaQuotes ke aiko shi ba, dillalinka ne. Shi ya sa abokai biyu za su zauna a benci ɗaya, kowa ya buɗe zinariya a MT5, amma su ga farashinsu ya ɗan saɓa, wani lokaci har siffar kyandirorin, wato 'yan sandunan da ke nuna hawa da saukar farashi a kan jadawali, ta bambanta, saboda dillalansu daban ne, agogon sabobinsu ma ba ɗaya ba ne. Duk wani abu da za a faɗa na ƙarfi ko raunin manhajar, tambayarsa guda ce: a ina abin yake zaune, a na'urarka ko a sabar dillali?

A kwamfuta ne manhajar ke nuna asalin kanta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tsohuwar laftof ta hannu, wadda za ta yi ta nishi idan aka buɗe mata manyan manhajoji, tana ɗaukar MT4 ba tare da ƙorafi ba, kuma ba ta shan data. Mutum zai iya jera jadawalin farashi huɗu ko shida a fuska ɗaya, ya sa yuro da dala a nan, zinariya a can, ya ga yadda motsin ɗaya ke jan ɗaya. MT4 tana da ma'aunin lokaci 9, daga kyandir na minti ɗaya zuwa na wata guda. MT5 tana da 21. Ma'aunan nazarin farashi da suka zo da MT4 guda 30 ne, na MT5 kuma 38, kuma a duka biyun ana iya ƙaro wasu daga waje. Ni dai yawan nan bai taɓa burge ni ba. Wanda ya lafta ma'auni goma a kan jadawali ɗaya har farashin ya ɓace a ƙarƙashin layuka, ba nazari yake yi ba, neman wanda zai goyi bayan abin da zuciyarsa ta riga ta yanke yake yi.

Abin da ya ɗaukaka MetaTrader da gaske shi ne harshen rubuta umarni da ke cikinta, MQL4 da MQL5. Da shi ake rubuta robot, ɗan shirin da ke shiga ciniki ya fita da kansa bisa ƙa'idar da aka gindaya masa, ko mai shi yana barci. Tare da shi akwai wurin gwaji, inda za ka ɗauki dabararka ka ɗora ta a kan farashin shekarun baya ka ga da me za ta haifar. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauke manhajar a kwamfuta, domin aikin awa ɗaya zai iya nuna maka cewa dabarar da wani ya sayar maka da tsada ba ta da tushe. A nan MT5 ta yi wa MT4 fintinkau: tana iya gwaji da ainihin motsin farashi ɗaya bayan ɗaya idan dillali ya tanadi tarihinsa, tana raba aikin ga dukkan ƙwaƙwalen kwamfuta, tana kuma gwada kuɗaɗe da yawa a lokaci guda. MT4 kuwa, idan ba an yi mata dabara ba, ƙirƙirar motsin cikin kyandir take yi daga bayanan minti ɗaya, don haka sakamakonta kan yi kyau fiye da gaskiya ga dabarun da ke shiga su fita cikin daƙiƙoƙi.

To amma wurin gwajin nan yana da nasa tarkon. Manhajar za ta bar ka ka yi ta sauya lambobin robot, ta gwada dubban haɗe-haɗe, har ta zaƙulo maka wanda ya fi kowanne riba a shekarun da suka wuce. Layin riba zai miƙe sama gwanin sha'awa. Abin da ya faru shi ne robot ɗin ya haddace jiya, bai koyi komai game da gobe ba. Da yawa daga robot ɗin da ake tallatawa haka aka gyara hotonsu. Wasu kuma suna ninka girman ciniki duk lokacin da aka faɗi, su yi watanni suna kawo 'yar riba a kai a kai, rana ɗaya kasuwa ta miƙe hanya guda ba waiwaye, su kwashe asusun kaf. Ga kuma na kyauta da ake rabawa a rukunoni, wai an fasa kullensu. A saitin manhajar akwai wani ɗan akwati da ke ba robot izinin kiran fayilolin DLL, wato wasu shirye-shiryen kwamfuta, daga waje. Wanda ya kunna shi don robot ɗin da bai san asalinsa ba ya buɗe wa baƙo kwamfutarsa gaba ɗaya, har da inda yake shiga banki.

Babban raunin kwamfuta a wurinmu shi ne sai tana kunne, sai kuma tana kan intanet. A nan ne tambayar nan ta ina abu yake zaune take aiki sosai. Iyakar asara, wato sitof-los, da iyakar riba, da odar saye ko sayarwa da aka ajiye tana jiran farashi, duk a sabar dillali suke. Ko an ɗauke wuta, ko batir ya mutu, ko ka rufe laftof ka tafi kasuwa, suna nan za su yi aikinsu. Amma robot a kwamfutarka yake zaune. Haka ma iyakar asara mai bin farashi, wadda ke matsawa da kanta duk lokacin da ciniki ya ƙara riba. Mutum zai kunna ta ya kwanta da yaƙinin cewa tana gadin ribarsa, tsakar dare a ɗauke wuta, ita kuma ta tsaya cak a inda ta matsa na ƙarshe. Farashi ya hau ya hau, ya juyo ya sauko, da safe ya tarar ribar da ya ƙiyasta ta zama 'yar kaɗan ko ba komai. Manhajar ba ta yi kuskure ba, haka aka gina ta. Maganin da ake yi shi ne hayar VPS, kwamfutar da ke kunne dare da rana a wata cibiya kusa da sabar dillali, amma kuɗin wata ne da dala, kuma ga mai ƙaramin jari kuɗin hayar kaɗai zai iya cinye ribar watan.

Sauran ƙorafin kwamfuta ƙanana ne. Don Windows aka yi ta, masu Mac da Linux ta bayan gida suke bi, kuma wani lokaci takan yi musu gardama. Fuskarta ta tsufa, musamman ga wanda ya saba da TradingView, wani shafin nazarin jadawalin farashi, shi ya sa da yawa suke zane a can su zo nan su danna oda.

Sai waya, wadda ita ce akasarin matasanmu suka sani, wasu ma ba su taɓa ganin ta kwamfutar ba. Amfaninta a fili yake: kana cikin Keke Napep za ka iya duba asusu, ka matsar da iyakar asara, ka rufe ciniki. Misali na kusa shi ne rahoton guraben aiki na Amurka, wanda galibi ke fita Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York. A agogon Najeriya da Nijar ƙarfe 1:30 na rana ke nan a watannin zafinsu, 2:30 a na sanyinsu. Wato daidai lokacin da mutum yake masallaci ko yana hanyar dawowa, lokacin ne dala da zinariya ke tsalle. Wanda ya tuna a bakin ƙofa cewa ya bar ciniki a buɗe, waya ce za ta ba shi damar rufewa kafin ya shiga sahu. Akwai kuma wata lamba da kowace waya ke samu, MetaQuotes ID. Idan ka saka ta a manhajar kwamfuta, duk faɗakarwar da ka saita a can za ta iso wayarka kamar saƙo. Mutane kaɗan ne ke amfani da wannan, alhali yana cikin abubuwa mafi amfani da manhajar ta tanada.

Amma ta waya rabin kaya ce. Ba ta ɗaukar robot, ba ta karɓar ma'aunin da aka ƙaro daga waje, ba ta da wurin gwaji, ba ta da iyakar asara mai bin farashi. Layukan da ka ɓata dare kana zanawa a laftof ba za ka gan su a waya ba, domin zane a na'ura yake zaune, ba a saba ba. Fuskar kuma ƙarama ce. Kyandir arba'in ko hamsin da ke gabanka za su nuna maka farashi yana gangarowa, alhali da ka ja baya a babbar fuska za ka ga ɗan hutawa ce kawai a tsakiyar doguwar hawa.

Wurin da waya ta fi cutar da mutane shi ne akwatin girman ciniki. A saman shafin oda akwai lamba a tsakiya, da ƙananan maɓallan ƙari da ragi a gefe da gefe, dab da juna. A wurin yawancin dillalai lot ɗaya na zinariya, wato cikakken ma'aunin ciniki guda, oza 100 ne. Ke nan 0.01 oza ɗaya ce, idan farashi ya motsa dala 10 ka samu ko ka rasa dala 10. Amma 0.10 oza goma ce, wannan motsin dala 100 ne. Mai dala 100 a asusu, idan babban yatsansa ya zame ya taɓa maɓallin da ke kusa, ya sa dukkan jarinsa a kan motsin da zinariya kan yi cikin mintuna ranar babban labari. Za ka ce ai manhajar za ta hana, tunda kuɗinsa bai kai ba. Ba za ta hana ba idan dillali ya ba shi lebarej, wato ƙarfin aro, na 1:500. A ce oza tana dala 3,000: oza goma dala 30,000 ke nan, jinginar da ake buƙata dala 60 kacal. Odar za ta wuce sumul. Kuma abin mamaki ga manhajar da ta kai wannan shekaru, ba ta zo da wurin da za ka ce kashi ɗaya cikin ɗari na jarina nake son sawa a haɗari ta lissafa maka girman da ya dace ba. A kwamfuta ana ƙaro ɗan shiri ya yi wannan. A waya sai dai ka yi da ka.

Ga kuma abin da ba laifin manhaja ba ne amma ita ke sauƙaƙa shi. Kasuwar tana buɗe dare da rana daga Litinin zuwa Juma'a, wayar kuma tana aljihu. Wanda ya faɗi da safe zai ciro ta a layin banki don ramawa, ya sake cirowa bayan Isha. A ganina aikin da ya dace da waya shi ne gadi. A yi nazari a zaune, a ajiye oda da iyakokinta a saba, waya ta zama ta leƙawa da rufewa. Wanda ba shi da laftof kuwa, gara ya tsaya a kyandir na awa huɗu ko na yini, inda tsinkewar netwok na minti biyu ba zai kassara shi ba.

A watan Satumba na 2022 masu iPhone suka wayi gari babu MT4 babu MT5 a App Store. Apple ya cire su, ya ce ba su cika sharuɗɗansa ba, kuma sai a Maris na 2023 suka dawo. Waɗanda suka riga suka sauke sun ci gaba da amfani, amma sabon mai nema a tsakanin bai same su a can ba. Rahotannin lokacin sun alaƙanta matakin da 'yan damfara da ke amfani da manhajar. Yadda suke yi shi ne su kafa kamfanin dillanci na bogi, su samu saba, sunansu ya fito a jerin dillalai a cikin manhaja ta gaskiya. Wanda aka yaudara zai sauke ta daga inda kowa ke saukewa, ya ga kuɗinsa yana ƙaruwa kullum, hankalinsa ya kwanta. Lambobin kuwa mai sabar ne ke rubuta su. Ranar da ya nemi cirewa sai a ce ya biya haraji tukuna, ya biya, a ce saura kuɗin tantancewa. Manhajar tamkar sikeli ce mai kyau, amma a shagon mai kaya take, shi ke ɗora dutsen awo. Cire kuɗi ma galibi ba ta cikinta ake yi ba, ta shafin dillali ne, don haka kyawunta ba ya gaya maka komai game da ko za a biya ka.

Hotunan ribar nan ma haka. Asusun gwaji, wato demo, fuskarsa ɗaya da na gaske, shuɗin lambobinsa iri ɗaya ne. Kowane asusu yana da kalmar sirri biyu: ta mai shi, da ta mai kallo, wadda ke bari a ga tarihin ciniki ba tare da an iya taɓa komai ba. Duk mai cewa a kawo kuɗi ya juya, a nemi ta kallon, a duba ko sabar ta gaske ce ko ta demo, a duba tarihin watanni da kuɗin da aka zuba da wanda aka cire. Da yawa daga nan za su fara kame-kame. Ko da ya bayar, idan dillalin ba sananne ba ne, ana iya yi wa rogo kallon kitse.

Ko dillali na ƙwarai ne, sitof-los ba alkawari ba ne. Umarni ne cewa idan farashi ya kai wuri kaza a rufe a farashin da aka samu. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye ƙangin da ya sa na hana yuro ɗaya faɗowa ƙasa da faran 1.20, kuɗin ƙasarsa, ba tare da gargaɗi ba. Cikin mintuna farashin ya faɗo ƙasa da 1.00, babu mai saye a tsakani. Waɗanda suka sa iyakarsu dab da 1.20 an rufe musu can ƙasa, wasu suka tashi da bashi a kansu. Dillali Alpari na Birtaniya ya durƙushe, dillali FXCM kuma sai da ya karɓi rancen dala miliyan 300 kafin ya tsira. Irin wannan na cikin abin da ya sa a 2018 hukumar ESMA ta Turai ta taƙaita lebarej ga ƙananan 'yan kasuwa zuwa 1:30 a manyan kuɗaɗe, ta hana a bi abokin ciniki bashin da ya wuce abin da ke asusunsa, ta kuma tilasta wa dillalai su rubuta kason masu asara a tallansu. Alƙaluman da ta dogara da su sun nuna kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na irin waɗannan asusu faɗuwa suke yi. Mu kuma da yawa daga dillalan da ke tallata mana 1:500 ko fiye, a ƙarƙashin rassansu na ƙananan tsibirai suke yi mana rajista, inda wannan kariyar ba dole ba ce. Manhajar ɗaya ce da ta Bature, dokar da ke bayanta ce daban. A Najeriya dokar zuba jari ta 2025 ta wajabta wa dandalin foreks na intanet yin rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari.

Tsakanin MT4 da MT5, sabon shiga ba shi da dalilin farawa da tsohuwar. Abin da ya sa 'yan kasuwa suka yi wa MT5 tawaye da farko shi ne robot ɗinsu na MT4 ba ya aiki a cikinta, kuma tana haɗe duk cinikin kuɗi ɗaya ya zama guda, ba ta barin a saya a kuma sayar a lokaci ɗaya. An gyara na biyun a 2016. MetaQuotes kuma ya daina sayar wa sababbin dillalai lasisin MT4 tun 2018. Masu riƙe da ita yau galibi masu tsohon robot ne da ba sa son sake rubutawa.

Akwai wani layi a cikin bayanan kowane ciniki da ya shafi mai karatu Musulmi kai tsaye: kuɗin kwana, wanda ake cirewa ko a ƙara idan ciniki ya kwana a buɗe, saboda bambancin kuɗin ruwa tsakanin kuɗaɗen biyu. Dillalai da yawa suna ba da asusun da suke kira na Musulunci, inda wannan layin ke nuna sifili. Wannan ma saitin saba ne, kuma wasu suna dawo da kuɗin da wani suna bayan 'yan kwanaki, ko su faɗaɗa tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2006, ta yanke cewa ciniki da jinginar aro, irin na lebarej, bai halatta ba, kuma kuɗin kwana ɗaya ne kawai daga cikin hujjojinta. Ta kawo har da haɗa rance da dillanci, wato mai ba ka aron ya sharɗanta cewa ta hannunsa za ka yi cinikin don ya ci la'ada, da kuma musayar kuɗi ba tare da karɓa hannu da hannu ba. Sifilin da ke layin kuɗin kwana ya amsa hujja ta farko ne kawai, sauran biyun suna nan ga wanda zai kai tambayarsa gaban malami.